Wa Ke Kallon Wa? Sharhi a kan fim ɗin "Cannibal Tours" da zancen tafiya ƙasar Papuwa

Akwai fim ɗaya da nake so ƴan ƙungiyarmu su nema su kalla kafin waninmu ya sake rubuta labarin tafiya, ko ya tura hoton wasu mutanen nesa a WhatsApp yana dariya. Sunansa "Cannibal Tours", wato kamar a ce yawon ganin masu cin naman mutane. Wani ɗan Ostareliya mai suna Dennis O'Rourke ne ya fitar da shi a 1988, kuma tsawonsa bai fi awa ɗaya da ƴan mintoci ba. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutumin ya bi wani ayarin ƴan yawon buɗe ido na Turai da Amurka cikin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, suna hawan kogin Sepik a ƙasar Papuwa Sabuwar Gini, suna sauka ƙauye-ƙauye suna ɗaukar hoto da sayen sassaƙa. Shi kuma yana ɗaukar su.

Ra'ayina tun daga farko shi ne fim ɗin yana da kyau ƙwarai, yana kuma da rami babba a tsakiyarsa. Zan faɗi duka biyun, don abin ya shafe mu. Mu ma ƙasarmu tana cikin waɗanda ake zuwa ɗauka hoto, kuma mu ma, tun da salula ta shigo hannun kowa, mun zama masu kallon wasu.

Ƙasar da ake zance

Papuwa Sabuwar Gini ita ce rabin gabas na wani babban tsibiri da ke arewa da Ostareliya, haɗe da wasu ƙananan tsibirai masu yawa. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 460,000, wato ta ɗara kashi ɗaya cikin uku na Nijar kaɗan. A cikin wannan fili ana magana da harsuna fiye da 800, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta. Ku tuna mu nan da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran ƴan kaɗan muke cewa muna da yawa. Can, sai ka bar ƙauye ka haye tudu ɗaya ka tarar ba ka jin ko gaisuwa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne Tok Pisin, harshen da ya tashi daga cuɗanyar Ingilishi da harsunan yankin, kamar yadda Hausa take haɗa mutane a kasuwar Agadas.

Ƙasa ce ta ruwan sama da kurmi da duwatsu. Dutsen Wilhelm ya haura mita 4,500. Babban birnin, Port Moresby, ya daɗe ba hanyar mota da ta haɗa shi da tsaunukan tsakiyar ƙasar inda jama'a suka fi yawa, sai jirgin sama. Can ne gidan tsuntsun nan da ake kira tsuntsun aljanna, wanda ke bisa tutarsu, can ne kuma ake samun malam-buɗe-littafi mafi girma a duniya. A wani fadama da ake kira Kuk, masana sun gano alamun noma na shekaru aƙalla 7,000, abin da ya sa ƙasar ta shiga jerin wuraren da ɗan Adam ya ƙago noma da kansa ba tare da ya koya wajen kowa ba. Jamus ta kama arewa maso gabashin tsibirin a 1884, Ingila ta kama kudu. Ostareliya ta ƙwace ɓangaren Jamus a 1914, ta riƙe duka har ranar 16 ga Satumba 1975 da ƙasar ta samu ƴancin kai. Firaministan farko, Michael Somare, ɗan yankin Sepik ne.

Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo gare ta.

Kamfanonin yawon buɗe ido kalmomi biyu suke sayar da ƙasar da su: nisa da bambanci. Ni kalmar nisa ce ke ba ni mamaki. Nisa daga ina? Ga matar da ke kamun kifi a bakin Sepik, ƙauyenta ne tsakiyar duniya, Berlin ce ƙarshen ƙasa. Haka aka daɗe ana kiran Bilma da Ngigmi wurare masu nisa, alhali mutanen Bilma kullum safiya a gida suke tashi. Duk wanda ya ce wuri na da nisa ya riga ya faɗa maka inda shi yake tsaye.

Abin da fim ɗin ya yi daidai

Babbar dabarar O'Rourke ita ce ya hana kansa magana. Kun san irin fina-finan tele na dabbobi da ƙabilu, inda wata murya mai sanyi ke bayani daga sama kamar mai wa'azi: waɗannan mutane kaza suke, al'adarsu kaza ce. Nan babu wannan murya. Sai dai lokaci-lokaci ka ji shi daga bayan kyamara ya jefa gajeriyar tambaya, ya yi shiru, ya bar mutum ya tona kansa.

Kuma suna tonawa. Akwai wani Bajamushe mai ƙiba, sanye da kayan farauta, wanda ya zagaya ƙasashe da yawa yana lissafa su kamar mai ƙirga awaki. Duk inda aka sauka tambayarsa ɗaya ce: ina wurin da ake kashe mutane? A nuna masa dutse, ya shafa shi, ya tsaya a ɗauke shi hoto, ya yi magana cikin ƴar rakodarsa. Akwai wasu ƴan Italiya da ke zaune suna tattauna ko mutanen nan suna cikin jin daɗi, ko ya kamata a waye da su, suna maganar kamar waɗanda ake zancen ba su da baki. Akwai wata Ba'amurkiya mai son kayan sassaƙa, tana kukan kada masu sassaƙar su lalace su koma yi don kasuwa, alhali ita ce kasuwar.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda O'Rourke ke hira da wani saurayi ɗan ƙauyen, yana tambayarsa yadda yake ganin baƙin. Suna cikin magana sai ga wata mata ta lallaɓo ta bayansa da kyamara tana neman kusurwa mai kyau. Saurayin ya daskare, idonsa na motsi, bai juya ba, bai san ko ya ci gaba da magana ko ya tsaya a ɗauke shi ba. Kyamara biyu sun sa shi tsakiya. Duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙauye a gaban baƙo mai kuɗi ya san wannan daskarewa, ba sai an fassara masa ba.

Sai zancen ciniki. Baƙin an koya musu cewa kada su yarda da kuɗin farko, su nemi na biyu, su nemi na uku. To mu Hausawa ba za mu ce ciniki laifi ne ba. A kasuwar Maraɗi wanda bai taya ba ma raina shi ake yi. Sai dai cinikinmu wasa ne da mutum biyu suka san dokarsa: mai kaya ya san kuɗin kayansa, mai saye ya sani, a ce albarka, a ƙara, a sallama, gobe kuma a haɗu a wajen suna ko jana'iza. Abin da ke faruwa a Sepik daban ne. Mai sayen ya biya kuɗin jirgin sama da na jirgin ruwa da mai sassaƙar ba zai tara ba cikin shekaru, sa'an nan ya tsaya yana ja-in-ja a kan ƴan canji, kuma ba zai sake dawowa ba har abada. Wani dattijo a fim ɗin ya faɗi abin da ya kashe maganar: shi in ya je kanti a birni sayen riga ko wando, kuɗin da aka rubuta shi yake biya, ba mai ba shi kuɗi na biyu. Wata mata mai sayar da kayan ado kuma ta fusata a gaban kyamara, tana cewa kuɗi duk suna hannun Turawa, suna zuwa suna kallo ba sa saye, ita kuwa tana da yara a lakwal. Wannan mata ita ce mutum mafi rai a duk fim ɗin. Ba ta neman tausayin kowa, faɗa take yi.

Dattijon ya kuma ba da labarin yadda kakanninsu, da suka fara ganin Jamusawa, suka ɗauka matattunsu ne suka dawo. Ya ce su yanzu sun san ba haka ba ne, amma har yanzu akwai abin da bai gane ba: me ya sa mutanen nan suke ɗaukar hoton komai? Ya nuna babban ɗakin kakanni, wanda suke kira haus tambaran, inda a da ake ajiye kayan ibada masu tsarki, ya ce ƴan mishan sun raba su da kayan, yanzu baƙi ke biyan ƴan kuɗi su shiga da kyamara. O'Rourke yana saka tsoffin hotuna na zamanin Jamus a tsakanin waɗannan maganganu, don mai kallo ya ga jirgin ƴan turis ba shi ne jirgin farko da ya hau kogin nan ya sauko da kaya ba.

A ƙarshe baƙin sun shafa wa fuskokinsu fenti irin na mutanen kogin, suna rawa a bisa jirgi suna kwaikwayon mayaƙa, kiɗan Mozart na tashi. A nan sunan fim ɗin ke juyewa. Masu cin mutanen da aka zo nema ba a same su ba. Waɗanda ke haɗiye mutane da ido da kyamara da kuɗi su ne a cikin jirgin.

Kafin mu yi dariya

Na san yadda za a kalli wannan fim a fada: ana shan shayi ana dariyar Nasara. Dariyar halal ce, amma laifi tudu ne. Mu ma a Hausa muna da kalmar yamyam, sunan da kakanninmu suka ba wasu mutanen kudu da aka ce suna cin mutane, kuma kullum yamyam ɗin suna gaba kaɗan da inda mai labarin ya tsaya. Kowace al'umma tana ajiye masu cin mutanenta a bayan iyakarta. A zamanin cinikin bayi, mutane da yawa a gaɓar tekun Afirka sun yi imani Turawa na sayen bayi ne don su ci. Gaskiya ne mutanen Iatmul na tsakiyar Sepik sun yi yaƙin sare kawuna a da, har mulkin mallaka ya hana. Amma Bajamushen da ke shafa dutse yana neman jinin da ya bushe, daga ƙasar da ta yi yaƙin duniya biyu cikin ƙarni ɗaya ya fito, kuma yaƙin na biyu har bakin Sepik ya iso, inda sojojin Japan da na Ostareliya suka gwabza a ƙasar mutanen da ba su san dalilin faɗan ba.

Yau in ka buɗe Facebook ko TikTok ka rubuta sunan Papuwa, abin da za ka fara gani shi ne mutane da fenti da gashin tsuntsu, ƙarƙashinsu an rubuta ƙabilar da ba ta taɓa ganin wayewa ba. Na ga irin waɗannan bidiyo an ɗora musu muryar Hausa, ana cewa arna, ana cewa Allah mun gode. Wanda ya ɗora muryar bai san cewa mafi yawan mutanen ƙasar Kirista ne ba, bai san galibin hotunan daga bukukuwan shekara-shekara na garuruwa irin su Goroka da Mount Hagen aka ɗauko su ba, inda mutane ke yin ado na musamman su yi rawa, in an tashi su wanke fuska su hau mota su koma gida. Kamar a ɗauki hoton ƴan tauri ko ƴan kokowa da layu a ce haka ƴan Nijar ke zuwa ofis. Mai ɗora muryar nan bai hau jirgi ba, bai biya ko dala ba, amma a kujerar Bajamushen nan yake zaune.

Ramin da ke tsakiya

Yanzu ga inda nake da faɗa da O'Rourke.

Na farko, ya zaɓi abokan gaba masu sauƙin kayarwa. Wanda ke da almakashi shi ke da magana ta ƙarshe. An ɗauki hoto na kwanaki, an tace an bar awa ɗaya, kuma abin da aka bari na baƙin kusan duk wauta ce. Ba na shakkar sun faɗi abin da suka faɗa. Amma fim ɗin ya shirya wa mai kallo kujera mai daɗi, inda zai zauna yana jin ya fi su hankali. Kuma su wa suka fi kallon wannan fim? Ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka, wato ƴaƴa da jikokin mutanen cikin jirgin. Sun kalla, sun yi dariya, sun fito suna cewa su in sun je ba za su yi haka ba, su matafiya ne na gaskiya. Fim da ke sa ka ji kai ne nagari bai gama aikinsa ba. O'Rourke ya san shi ma baƙo ne mai kyamara, shi ya sa yake barin muryarsa ta fito, yake barin a ga yadda shi ma yake takura wa saurayin nan. Sai dai ya taɓa wannan gaskiya ne da ɗan yatsa ya janye.

Na biyu, kuma shi ne babba: mutanen Sepik a wannan fim ba su da rayuwa sai in jirgi ya tsaya. Ba mu ga mata na wanke garin sago ba, abincin da suke fitarwa daga cikin wani itace dangin kwakwa, wanda shi ne tuwonsu. Ba mu ga yadda matan kogi ke kai kifi su musanya da sagon mutanen daji ba, cinikin da ya girme zuwan kowane Bature. Ba mu shiga aji ba, ba mu shiga coci ba, ba mu ji gardamar zaɓe ba. An fitar da fim ɗin shekara 13 bayan ƴancin kai. Ɗan yankin nan, Somare, ya riga ya yi firaminista har sau biyu. Ƙasar na da jami'a tun tsakiyar shekarun 1960, tana da marubuta: Albert Maori Kiki ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1968, Vincent Eri ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari mai suna "The Crocodile" a 1970. O'Rourke ya san duk wannan fiye da ni, don ya zauna a ƙasar shekaru, shi ne ma ya yi fim ɗin bikin ƴancin kansu, "Yumi Yet". Amma wanda "Cannibal Tours" kaɗai ya kalla zai fita da hoton ƙauyawa matalauta da ke zaune bakin ruwa suna jiran jirgi.

Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ƴan turis sun zo da labari cewa ga mutanen farkon duniya. O'Rourke ya zo da nasa labarin cewa ga mutanen da aka gama da su, al'adarsu ta mutu, saura sayar da gawarta. Labari na biyu ya fi na farko tausayi, amma dukansu biyu sun hana mutanen gobe. Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Eric Silverman, wanda ya zauna ya yi bincike a ƙauyen Tambunum na Iatmul, ya soki fim ɗin a kan wannan. A ganinsa mutanen ba su ɗauki zuwan baƙi a matsayin mutuwarsu ba: hanya ce ta samun kuɗin makaranta da na magani ba tare da barin gida ba, kuma masu sassaƙa sun ƙago sababbin siffofi da kakanninsu ba su taɓa yi ba. Wannan ya yi mini daidai da abin da muka sani a nan. Maƙeran Agadas da ke ƙera kuros na azurfa don baƙi ba su daina zama maƙera ba, kuma lokacin da tawayen 2007 da matsalar tsaro suka kore ƴan turis daga arewa, ba wanda ya ji maƙeri ko direba ko mai rakiya yana murna wai al'adarsa ta huta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matar nan mai faɗa ma, in kun saurare ta da kyau, ba cewa take baƙi su daina zuwa ba. Cewa take su saya.

Na uku, ƙasar kanta. Kogin Sepik ya haura kilomita 1,100, yana ratsa fadamu da tafkuna da kurmi, cike da kada, wanda mutanen Iatmul suke girmamawa har samari na yin tsaga a jiki mai kama da fatarsa lokacin shiga sahun manya. A fim ɗin kogin labule ne kawai, ruwa mai kyau da jirgi ke tsagawa ana kiɗan Mozart. Alhali babbar rigimar ƙasar a kan ƙasa da ruwa take. Kusan duk filin Papuwa a hannun dangogi yake bisa al'ada, kuma ƙarƙashinsa akwai zinariya da tagulla. A shekarar da fim ɗin ya fito, 1988, rikici ya ɓarke a tsibirin Bougainville a kan mahaƙar tagulla ta Panguna, ya zama yaƙin da ya ɗauki kusan shekara 10 ya ci dubban rayuka. A yammacin ƙasar, mahaƙar Ok Tedi ta yi shekaru tana zuba dattinta cikin kogi har ya gangara kogin Fly ya kashe kurmi da kifi. Ɗan Nijar da ya san zancen Arlit ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Matar da ke rage wa mai sassaƙa ƴan canji ta yi abin kunya, amma ba ita ce babbar mai cin ƙasar ba. Fim ɗin ya kama ɓarawon kaza ya bar na shanu.

Wani zai ce ai fim ɗaya ba zai ɗauki komai ba, kuma batun O'Rourke baƙi ne. Na yarda da rabin wannan. Amma akwai wani fim da ya nuna ana iya yin fiye da haka: "First Contact" na Bob Connolly da Robin Anderson, 1983. Labarin ƴan'uwa ne ƴan gidan Leahy, masu neman zinariya daga Ostareliya, da suka shiga tsaunukan tsakiyar ƙasar a farkon shekarun 1930 suka tarar da jama'a wajen miliyan ɗaya da Turawa ba su san da su ba. Masu fim ɗin sun nemo tsofaffin da suka ga wannan rana suka bar su su ba da labari da bakinsu, har da waɗanda aka harbe wa iyaye. Tsofaffin suna kuka, suna kuma dariya. Sun faɗi yadda suka ɗauki baƙin a matsayin fatalwa, sai suka laɓe suka bi sawunsu zuwa bayan gida, suka duba, suka ce a'a, waɗannan mutane ne kamarmu. Kun ga a nan su ne masu bincike, Bature ne abin binciken. Wannan ƙarfi ne da "Cannibal Tours" bai ba mutanensa ba sai kaɗan.

Abin da ya rage gare mu

Shekara ɗaya bayan fim ɗin O'Rourke, a 1989, Bajamushe Werner Herzog ya fitar da nasa a kan Wodaɓen Nijar. Ya buɗe shi da fuskokin samari masu kwalliyar Gerewol, ya ɗora musu tsohuwar waƙar coci ta Turai. Dabara ɗaya ce da ta Mozart a bisa Sepik: fuskar taku ce, kiɗan da ke faɗa wa mai kallo abin da zai ji na wani ne. Har yau in Bature ya san wani abu guda game da ƙasarmu, sau da yawa wannan fuska ce mai fararen haƙora da ido a buɗe, kamar yadda mu abin da muka sani na Papuwa shi ne gashin tsuntsu.

Amma muna da amsa a tarihinmu, kuma ya kamata mu san ta. A 1965 Usman Samben na Senegal ya faɗa wa Jean Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Rouch, wanda ya yi yawancin aikinsa a Nijar, daga baya ya yi "Petit à petit", inda Damure Zika ya tafi Paris yana tare mutane a titi yana auna kawunansu yana duba haƙoransu, kamar yadda aka yi wa kakanninmu. Abin dariya ne mai cizo, sai dai har a nan kyamarar a hannun Rouch take. Wanda ya kai maganar ƙarshenta shi ne Umaru Ganda. Ya yi soja a rundunar Faransa aka kai shi Indocin, ƙasa mai nisa mai kurmi da ruwan sama. Ya fito a fim ɗin Rouch, "Moi, un noir", a 1958, inda aka taɓa labarin yaƙinsa. Bayan shekara 10 ya ɗauki kyamara da kansa ya yi "Cabascabo", ya ba da labarin tsohon soja da ya dawo gida yadda shi ya ga dama. A 1972 wani fim nasa ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu. Gidan al'adun da ke Yamai mai sunansa, da yawanmu mun shiga shi kallon wasa ba tare da mun san wannan ba.

Dattijon Sepik ya faɗi wata magana da nake ganin ita ce zuciyar al'amarin: da yana da kuɗi, da shi ma ya hau jirgin ya je ya ga inda baƙin suka fito. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba a faɗin wa ke da kuɗin mabuɗin. Bajamushen nan fasfonsa na buɗe masa kusan kowace ƙofa. Dattijon, da ni da ku, sai mun yi layin biza, a tambaye mu takardar banki, a ƙarshe a ce a'a. Shi ya sa kallon yake tafiya ta hanya ɗaya, kamar ruwan kogi.

Mafi yawanmu ba za mu taɓa zuwa Papuwa ba. Amma muna zuwa Ingal lokacin bikin gishiri, muna zuwa Kwatano da Lome, wasu na zuwa karatu Aljeriya ko Turkiyya ko Indiya, kuma ɗan Yamai da aka tura aiki ƙauyen Tanut yakan dawo da labari irin na mai jirgin ruwa. In za mu rubuta irin wannan tafiya a ɗan littafin nan namu, ina roƙon abu kaɗan. Mu faɗi wanda ya biya kuɗin motar da abin da ya kai mu. Mu nemi izini kafin hoto, mu karɓi a'a in an ce a'a. Mu tambayi mutane abin da ke damunsu bana, farashin hatsi ne ko rijiya ko zaɓe, kafin mu tambaye su abin da kakanninsu ke yi. In mun gama rubutun, mu karanta shi muna tunanin mutumin da muka rubuta yana zaune gefenmu yana jin Hausa.

Fim ɗin yana yawo a intanet, ana kuma samun "First Contact". Ku kalle su a jere, na O'Rourke da farko, sa'an nan ku nemi "Cabascabo". Wanda ya ga ban yi wa O'Rourke adalci ba, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake.